Abin da Zarto Ya Ci

Likita Kangyang ta ɗaga hoton ƙashin saitin taga.
Malam Garkuwa, ka ga nan?
Na gani.
Shekara talatin ina kafinta a Katako,
na san icen da gara ta cinye ta ciki
ta bar bayansa sumul.

Ciwon daji ne, in ji ta.
Bar-su na kwance kan teburin ƙarfe
yana lasar yatsan da ya latsa masa kumburin.

Ko mu cire ƙafar gaba ta dama tun daga kafaɗa,
ko ka kai shi gida da ƙwayoyi
ku jira ranar da ƙashin zai karye da kansa.
Ko allura ɗaya, ya yi barci.
Ta faɗi na ukun tana kallon takalminta.

Na ce, in an cire ya warke?
Ta ce ba za ta sayar mini da abin da ba ta da shi ba.
Wata shida. Shekara, in abin bai leƙa huhu ba.
Zafin dai zai bi ƙafar su tafi.

A rumfa, Ɗanliti mai fenti ya yi dariya har da tari.
Kuɗin kujeru saiti guda a kan kare?
Kare fa, Garkuwa.
Na ci gaba da gogar wani teburi
da na riga na gama gogewa tun jiya.

Ba bashi nake biya ba.
Bar-su bai taɓa kama ɓarawo ba.
In aka yi tsawa, ƙarƙashin bencina yake shiga.
Ya taɓa cinye kifin Asabe na kwana uku,
ta bi shi da muciya har bakin titin Bauchi,
ta dawo tana haki tana dariya.
Yau shekara huɗu da rufe ta.
A gidan nan mu biyu muka rage
da muka san wannan dariyar.

Ni mai yanka ne, shi ya sa nake tsoro.
Nakan auna sau biyu, wani lokaci uku,
don abin da zarto ya ci ba ya amayarwa.
Kuma katako ba ya kallona.
Wa zai gaya masa dalili?
Zai farka ya nemi ƙasa da ƙafar da babu,
ya juyo ya dube ni.

Daren nan sanyin Jos ya sauko daga duwatsu,
na kasa barci, na zauna a tsakar gida da bargo.
Wajen ƙarfe uku ya tashi shan ruwa.
Na saurara.
Ɗaya, biyu, uku. Tsalle kaɗan.
Ɗaya, biyu, uku.
Ta damar na rataye, ba ta taɓa siminti,
yana ɗauke da ita kamar kayan wani.
Tun yaushe?
Ashe ya riga ni yanke shawara.
Ni kaɗai nake ta ƙirga huɗu.

Da safe mai keke ya ce ba ya ɗaukar kare.
Na ninka masa kuɗi, ya shimfiɗa buhu.
Mun hau gangaren Farin Gada da ƙyar,
injin na kuka, ƙafa uku, amma mun hau.

Takardar ba ta da tsawo.
Biron ya ƙi, aka ba ni wani.
Kafin su tura shi ciki na riƙe dagin,
akwai garin katako maƙale tsakanin faratan.
Ban share ba.

Ta ce in dawo bayan la'asar.
Na koma gida da igiyarsa a aljihu,
na ɗauko guduma da kurfi.
Dokin ƙofar ɗakina ya yi tsawo.
Inci biyu zan rage.
Na auna.
Na sake aunawa.